Markar da Aka Raba Mana Farin Ƙwan Lantarki

Markar bana ta zo da nauyi. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba, gishiri ya narke a gwangwani, ashana sai an ɗora ta a gefen murhu kafin ta kama, bangon ɗakina kuwa sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. Jiya 'yata ta aiko min da wani ƙwan lantarki daga Kano, irin na yanzu, wai ko an ɗauke wuta shi ba ruwansa, zai ci gaba da haske. Na juya shi, na shinshina, na girgiza shi a kunne, na ajiye shi a kan taga tukuna. Ni duk abin da aka ce min ba ya ci amma yana aiki, sai na zauna da shi mun saba kafin in yarda. Ba da wannan hali aka haife ni ba. A gidan mijina na ɗauko shi, a wata marka irin wannan, lokacin ita wannan 'yar tawa tana goye a bayana.

Shekarar nan ruwa ya yaudare mu. Ya sauko da wuri, ya jiƙa ƙasa sosai, kowa ya fita da sungumi. Gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta rufe bakinta. Rana ta dinga dukan gonaki har tsiron ya nannaɗe ya zama kamar zare. Da azahar in ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Maza suka fita roƙon ruwa, suka dawo da gumi. Da ruwan ya dawo aka sake shuka, kuma da geron da ya kamata ya shiga tukunya aka yi ta. Wannan ya sa kaka ta ja da baya, rumbu kuwa bai ja da baya tare da ita ba.

Mu biyar ne a gidan: surukina Baba, matarsa Inna, maigidana, ni, da jaririyata. Baba ne mai awo. Kullum da safe shi zai hau rumbu ya miƙo wa Inna hatsin yini, ita kuma ta miƙo min in surfa. Kwanon ya yi ta raguwa. Ranar da na ji ƙarar tsintsiya a cikin rumbu, ina tsaye da taɓarya a hannu, na san hatsi ya kai ƙasa.

Daga nan muka koma ganye. Tafasa da safe, rama da rana, zogale in an samu, a barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli don a yaudari harshe. Gayya ma ba a kira ba a shekarar, don wa zai tara maza a gonarsa ba shi da furar ba su? Sai dai yau a yi noman wannan, gobe a yi na wancan, kowa da cikinsa a ɗaure. Abin da na fi tsana a lokacin shi ne yadda muka koma kallon juna. In mace ta samu ɗan gero, sai ta shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmi don kada maƙwabta su ji daka. In an ga hayaƙi ya daɗe a wani gida, sai a fara tambayar ina suka samo. Ni ma na yi, ba zan ce ban yi ba, hancina ya san abin da ke cikin kowace tukunya a unguwar.

Ni da Baba kuwa ba ma magana, kuma ba faɗa muka yi ba. Haka tsarin yake a wurinmu. Matar ɗa ba ta haɗa ido da uban miji, ba ta kama sunansa, ba ta taka ɗakinsa. In zai shigo gida sai ya yi gyaran murya, ni kuma in faɗa ɗaki ko in durƙusa in juya fuska ga bango. Gaisuwa daga nesa, a taƙaice. Duk abin da nake so ya ji, sai ta bakin Inna.

Maigidana ya gama noman fari ya tafi kasuwar Dawanau ɗaukar buhuna. Da ya leƙo gida sai ya zo da shawara. Ya ce ya ga mutane suna kiwon kajin gidan gona, waɗanda kafin wata biyu sun isa yanka. In muka sayar da akuyata muka sayo 'yan tsaki kwali guda, kafin gero ya nuna mun sayar da su mun auno hatsi, har mu mayar da akuya. Akuyar nan da ita na zo daga gidanmu, ita ce kaɗai abin da zan nuna in ce nawa ne. Na kwana ina juyi, da safe na kwance ta da hannuna na miƙa masa igiya.

Ran da ya kawo kwalin, Inna ta leƙa ta ja da baya.

"Ina uwarsu?" in ji ta.

"Inna, ba su da uwa. Inji ne ya ƙyanƙyashe su."

"Inji. To, Allah ya kyauta. Mu dai mun ga zamani."

Akwai wani ɗan ɗakin ajiya da ke manne da madafi, nan ya share ya zuba ɓuntun shinkafa. Ya jawo waya daga tsakar gida, ya rataya babban jan ƙwan lantarki, ya sassauto da shi har ya kusa gwiwata. Ya ce min kada in bar su babu wannan wuta, dare da rana, in an ɗauke kuma in kunna fitilar kalanzir in ajiye a tsakiyarsu. Na tambaye shi dalili, ya ce haka mai sayarwa ya faɗa masa. Muka yi shawara tsakaninmu muka yanke cewa don su riƙa ganin abinci ne, su yi ta ci ba hutu su yi ƙiba. Mu da muka tashi muna ganin kaza da 'ya'yanta a gindin rumbu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da take yi musu in ta rufe su. Washegari ya koma Dawanau ya bar ni da su.

Wutar garinmu kuwa sai a hankali. Lokacin wani zaɓe aka kafa mana turaku, aka ɗora 'yar ƙaramar taransifoma a bakin hanya. Da magariba in kowa ya kunna nasa, sai jan ƙwan ya dushe ya koma kamar garwashin da ya kusa mutuwa, har yara na cewa sai ka ƙyasta ashana kafin ka gano inda yake. A irin wannan lokaci dole in haɗa wa 'yan tsakina da fitila, kalanzir kuma yana neman fin ƙarfinmu. Duk da haka suka yi kyau. Suna ci, suna sha, suna bazuwa ko'ina a ɗakin, in na shiga su yi ta tsattsagar yatsun ƙafata.

Ana nan sai mai unguwa ya tara maza. Ya ce taransifoma ta ƙone sau ɗaya da bazara, masu gyara sun ce in ta sake, sai dai mu koma aci-balbal. Ya ce jan ƙwai ne ke kashe ta, don haka an aiko da wani sabo daga sama, fari, mai lanƙwasa kamar hanjin kaza, za a karɓi ja a ba da shi. Duk gidan da aka sake hango jan haske, za a yanke masa waya daga kan turke. Wani Ɗanliti mai gyaran wuta daga Dawakin Tofa shi aka ba buhun, yana bi gida-gida.

Ina wanke-wanke a bayan zaure ya iso namu, don haka ba abin da ya wuce ni.

"Baba, wannan farin alheri ne," in ji Ɗanliti. "Wutar da ja guda ɗaya ke zuƙa, ta ishi huɗu ko biyar irin wannan."

"Ya fi shi haske?" Baba ya tambaya.

"Nesa ba kusa ba."

"Kuma bai kai shi ci ba."

"Ko rabinsa, Baba."

"To ina yake samo sauran? Kai yaro, na yi kiwon jaki tun ba a haifi ubanka ba, ban taɓa rage wa jaki harawa ya ƙara min gudu ba. Nawa ne?"

"Kyauta ne."

Baba ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Kyauta. Mutanen da ba su aiko mana da ko tiya ɗaya ta gero ba muna cin tafasa, su ne yau suka damu da idonmu?"

Wallahi a bayan bango na gyaɗa kai, don tambayar ta shige ni. Ɗanliti ya yi ta bayani, wai shi ja yawancin abin da yake sha a banza yake tafiya. Baba ya ce a banza ina? Yaron ya ce shi dai haka aka koya musu. Baba ya miƙa masa ƙananan jajaye biyu, na ɗakinsa da na tsakar gida, ya karɓi farare biyu. Na ɗakin 'yan tsaki bai ambace shi ba, Ɗanliti kuma bai san da shi ba.

Kafin la'asar gari ya cika da magana. Wasu suka ce farin garin da ke cikinsa guba ne, in ya fashe a ɗaki kowa ya mutu. Wasu suka ce yana shanye ruwan ido a hankali. Matan unguwarmu suka ce dabarar hana haihuwa ce aka sake wa riga. Wani ya rantse cewa a cikin kaurin gindinsa akwai mita, tana ƙirga wa mutum abin da ya sha a ɓoye, wata rana a zo da takarda. Waɗanda suka kunna suka ce yana mai da fuskar mutum kamar wanda ya tashi daga jinya. Ni na yarda da kusan rabin waɗannan maganganu, sauran rabin kuma ban ƙaryata ba.

Na dawo daga rijiya na tarar an yi canji. Baba ya shiga ɗakin 'yan tsaki ya cire babban jan, ya ɗaura fari a gurbinsa. Jan ya kai shi ɗakinsa, ya toshe tagarsa da tsohon buhu don kada a hango daga waje. Na tsakar gida kuwa ya hana a kunna.

"Malam ya ce a gwada shi a kan dabba tukuna," in ji Inna, haka take kiran Baba. "In sun yi wata ba abin da ya same su, sai mutum ya shiga ƙarƙashinsa."

Raina ya ɗan sosu, don akuyata ce ake gwaji da ita. Amma da magariba ta yi sai na ga abin mamaki. Wuta ta yi rauni kamar kullum, shi kuwa farin ko a jikinsa, ɗakin fes kamar da hantsi, har ƙwayar dusa ina gani a ƙasa. Na ce to, in don su ga abinci ne, ai yanzu suka samu. Na daina kunna fitila. Inna ta ga kalanzir ya huta, ta kai wa maƙwabciyarmu Lantana sauran kwalbar ta karɓo mana garin rogo. Ranar mun ci abin da ya tsaya a ciki, har na sa wa farin ƙwai albarka a zuciyata.

Sai marka ta sauka. Ruwa ba mai ƙarfi ba, irin mai naci, yaf-yaf-yaf daga safe har wata safiyar. Itace ya jiƙe, kara ya ƙare, zannuwa suka ƙi bushewa a kan igiya. Sanyi ya riƙa tasowa daga ƙasa yana shiga ƙashi, ga ciki ba nauyi. 'Yan tsakina suka canza. Suka daina bazuwa, suka dunƙule a kusurwa guda, suna wani kuka mai tsini da ba ya yankewa. Da safe na ɗaga tarin na tarar da uku a ƙasa sun miƙe. Washegari suka fi haka.

Nan fa zargi ya tashi, kowa da nasa. Ni na ce mai sayarwa ne ya haɗa maigidana da marasa lafiya, don na san 'yan birni in sun ga baƙauye. Inna ta ce Lantana ce, ran da ta leƙo ta ce "kai, sun yi kyau" ba ta ce tubarkalla ba. Muka jiƙa musu ɓawon maɗaci, muka sa barkono a ruwansu, Inna ta yi turare ta tofa addu'a a kusurwa huɗu. Na zazzage abincinsu ina neman ruɓa. Na kwana ina kasa kunne ko ɓera ne. Mutuwa dai ba ta fasa ba, kullum da safe sai na fito da wasu a cikin ƙwarya.

Baba bai yi zargin kowa ba, shi ya riga ya san mai laifi. Ya sa Inna ta kai masa ƙwaryar zaure, ya aika aka kira maƙwabta.

"Ku duba da idonku," na ji yana cewa. "Lafiyarsu ƙalau a ƙarƙashin ja. Kwana nawa da sa musu farin? Wannan shi aka ce mu kwana a ƙarƙashinsa da 'ya'yanmu."

Maza suka yi ta salati. Kafin dare gidaje da yawa sun kwance nasu sun koma duhu. Har daga ƙauyen gaba aka zo ganin gawar 'yan tsakina, Baba yana zaune a kan buzunsa yana maimaita labari, muryarsa har ta ƙara ƙarfi. Tun da aka shiga yunwar nan ban ga abin da ya miƙar da bayansa kamar wannan ba.

Ya aiko Inna ta ce in cire farin. Na shiga, na naɗe hannuna da bakin zane, don jan ya taɓa ƙona ni a damtse har ya bar tabo. Na kama shi a tsorace. Ban ji komai ba. Na warware zanen na riƙe shi da tafin hannu. Abin da ya kwana ya wuni yana ci, ɗuminsa bai kai na ƙoƙon kunun da aka manta a taga ba. Na tsaya riƙe da shi ina kallon kusurwar da suke taruwa, sai na lura ashe jikin bangon madafi ce, daidai bayan murhu. Akwai wani ɗan tsako a gefe ya kwanta, ido a rufe, ƙafa a sandare. Ban san abin da ya sa ba na ɗauke shi na cusa a cikin rigata, na tafi hura wuta. Kafin ruwa ya tafasa na ji yana motsi a ƙirjina, can sai ga ɗan kuka.

Na zauna a kan kujerar tsuguno. Abin da Ɗanliti ya kasa faɗa ke nan. Wutar da ja ke sha a banza, zafi take zama. Farin ba ya ɓarnar komai, shi ya sa ba shi da abin da zai ba marayu. Fitilar kalanzir ma da nake ajiye musu, ashe ba haskenta suke bi ba.

Na sami Inna na zayyana mata, har na ciro ɗan tsakon na nuna mata. Ta taɓa shi, ta taɓa farin ƙwan. Na san ta gane.

"Yanzu ke so kike in je in ce wa Malam shi ya kashe su?" ta ce a hankali. "Bayan duk gari sun ji daga bakinsa? Ke yarinya, ki rufa min asiri."

"Inna, ba sai an ce shi ba ne. A dai dawo musu da jan."

"In ya dawo da shi ai ya faɗa ke nan."

Na gwada abin da zan iya. Na zuba garwashi a kasko na kai musu, ɗanyen itace ya turnuƙe ɗakin da hayaƙi har suna layi, kuma kafin wani lokaci ya mutu. Inna ta ce in na ƙara ɗibar itace, da me za a dafa ganyen gobe? Na je wurin Lantana neman kalanzir, ta ce ya ƙare, ta kuma bi ni da wani kallo, don maganar tubarkalla ta riga ta koma kunnenta. Da safe na sake fitowa da ƙwarya. Kusan rabinsu sun tafi.

Baba ya ji an cire farin kuma ba a daina mutuwa ba, sai ya yanke hukunci. Ya ce gubar ta riga ta shiga jininsu. Gobe in an sauko daga masallaci a kwashe sauran a kai bayan gari a binne, kada su shafa wa jaririya, kada kuma a sayar wa Musulmi abin da zai cuce shi.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba a gidan nan. Na yi fushi da Baba, da Inna, da maigidana da bai tambayi dalili ba, da wanda ya ƙago kunyar da za ta sa in tsaya ina kallo a binne akuyata da rai. Na shiga ɗaki na fito ya fi a ƙirga. In na je ƙofarsa na yi magana, gobe sunana ya zaga gari, a ce 'yar gidan wane ta buɗe baki ta ƙaryata uban mijinta, har iyayena sai abin ya taɓa. In na yi shiru kuma, ba mu da abin da zai kai mu kaka.

Da aka idar da magariba ya yi gyaran murya ya shige ɗakinsa. Ana ɗan yayyafi. Na kwashe 'yan tsakin a kwando na rufe su da zanena, na je gindin tagarsa na tsuguna, na ba ta baya. Ta gefen buhun jan haske yana ɗan fitowa. Ban yi wa Baba magana ba, Allah ne shaidata. Da 'yan tsakina na yi, sai dai ban rage murya ba.

"Ku yi shiru haka nan, marayun Allah," na ce. "Na san abin da ke damunku. Ba guba kuka sha ba, sanyi ne. Da kuna da uwa da ta rufe ku da fiffike. Jan nan shi ne uwarku, ɗumi yake ba ku, mu muna zaton haske ne. Farin ba mugu ba ne, rowa ce da shi, ba ya zubar da komai balle ku tsinta. Na riƙe shi da hannuna bai ƙona ni ba. Ɗan'uwanku ya mutu na sa shi a rigata ya tashi, ga shi nan a cikinku. To ku yi haƙuri. Gobe za a kai ku bayan gari, mu kuma mu ci gaba da tafasa har tumu ya fito, in muna da rabon gani."

A cikin ɗakin ƙarar carbi ta tsaya. Na hango Inna a ƙofar madafi ta toshe baki da hannu biyu. Na jira a kira ni, ko a kira ta, ko a yi tsawa. Ba abin da ya biyo baya sai ɗigar ruwa daga indararo. Na ɗauki kwandona na koma ɗaki, na kwana da shi a jikina, jaririya a gefe guda su a gefe guda, ina lissafin yadda zan ɗaure kayana in an ce in tafi gida.

Da gari ya fara wayewa na ji an sauko daga masallaci. Na ce gara in kai su da kaina kafin a aiko. Na ɗauki kwandon na nufi ɗakinsu don in kwaso mazubin abinci, sai na ga jan haske ta ƙarƙashin ƙofa. Na tura. Baba ne tsugune a kan ɓuntu, da rigar sallarsa, ya ɗaura babban jan a wayarsa, ya shimfiɗa tafin hannu a ƙarƙashinsa kamar mai jin ɗumin murhu.

Abin da ya kamata in yi shi ne in ja da baya in ɓace. Ƙafata ta ƙi. Na durƙusa a bakin ƙofa na sunkuyar da kai, kwandon yana ta kuka a hannuna. Bai juyo ba.

"Ku shigo mana, ku da ake magana da ku," ya ce.

Na karkata kwandon suka zubo. Suka yi ɗan dabur-dabur, sannan suka nufi ƙarƙashin jan gaba ɗaya, suna bi ta kan yatsunsa. Kaɗan-kaɗan tarin ya warware, wannan ya miƙa ƙafa, wancan ya saki fiffike. Kukan nan mai tsini da ya yi kwanaki a kunnena ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke.

Baba ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Har yanzu su yake kallo.

"Ku gaya wa mai ku ta toshe tagar nan da buhu, kada yaron nan ya hango ya yanke mana waya," ya ce. "Kuma ta ƙara sassauto da shi, ya yi muku sama."

Na matsa gefe na juya fuska ga bango, ya wuce.

Daga ranar ko ɗaya bai sake mutuwa ba. Da suka isa yanka maigidana ya zo ya kai su kasuwa, ya dawo da geron da ya riƙe mu har muka gasa tumun farko. Akuya dai ba ta dawo ba. A zaure kuwa Baba bai janye ko kalma ɗaya ba, duk wanda ya zo sai ya ji yadda farin ƙwai ya kashe kaji a gidansa, ni kuma ban taɓa gyara masa ba.

Sai bayan kwana biyu da mayar da jan, muna tsinke zogale, Inna ta gaya min abin da ban sani ba. Ta ce tun da marka ta sauka gwiwoyinsa suka kumbura, ba ya iya barci. Jan nan da ya kai ɗakinsa, sassauto da shi yake yi har kusa da shimfiɗa, ya miƙa ƙafafunsa a ƙarƙashi, shi ne kaɗai abin da ke sa ya runtsa. Ta ce ta roƙe shi ko farin ne a ɗaura masa ya riƙa ganin hanya, ya ce a bar shi. Har markar nan ta wuce, in na fito ɗaukar ruwan alwala, ina jin nishinsa a cikin duhu.